Ra'ayin 'Yar Fari

Mani yana tura motonsa, ɗan babur ɗin da yake zuwa aiki da shi, zuwa zaure sai ya sake jin muryar nan daga ɗakin matarsa Ajuma. Muryar namiji ce a cikin salula, da Faransanci mai santsi irin na mutanen Yamai, kuma tun da asuba ake ta kunna ta. Ya tsaya riƙe da moton. Faransancinsa na aji shida ne, sai ɗan abin da ya tsinta a shekarun da ya yi yana ɗan aike a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Dogon Dutsi, amma ya ishe shi gane abin da mutumin yake cewa.

"Madmazel, littafin nan na karanta shi tun ba a haife ki ba. Ban ce ki ba ni labarinsa ba. Cewa na yi ki faɗa mini abin da ke kika gani a ciki. Shafi biyu, a buga da na'ura, ya iso ni yau kafin rana ta faɗi. Bayan wannan ba ni da abin da zan iya yi miki."

Husna ce mai sauraren saƙon, ɗiyarsa ta fari, wadda ke shekara ta biyu a jami'a. Zazzaɓi ya kayar da ita ana gab da gama jarrabawa, aka ɗauko ta a mota aka kawo gida, ta yi kwanaki a gidan likita ana yi mata ƙarin ruwa. Darasin adabi kaɗai ne ba ta zauna wa ba. Malamin ya yi mata sassauci, ya ce ta rubuto ɗan gajeren sharhi a kan wani ƙagaggen labari da suka karanta a aji, ya tsaya a madadin jarrabawar. Ta rubuta, an buga, an aika, ga shi ya dawo da ita. Idan ta yau ba ta samu shiga ba, za ta maimaita shekara, kuma tallafin karatun da gwamnati ke ba ta zai yanke. Mani ya san albashinsa ba zai riƙe ɗaliba a Yamai ba. Karatun ya tsaya ke nan.

Da Ajuma tana gida, da ita zai tambaya. To ta tafi Matankari gaisuwar mutuwa, ƙananan yaran kuma sun fita makaranta. Mani bai taɓa kiran sunan Husna da bakinsa ba. Haka ya tarar ana yi a gidansu: ɗan fari na kakanni ne, uba ba ya ambaton sunansa, ba ya zama da shi, ba ya nuna wa mutane ya damu da shi. Ana yaye ta aka kai wa tsohuwarsa, sai da za ta shiga kolej sannan ta dawo. Ƙannenta suna hawa wuyansa suna lalube masa aljihu, amma ita duk abin da ke tsakaninsu ta bakin Ajuma yake bi.

Ya jingine moton a zaure ya kira matar.

"Yarinyar nan fa an dawo mata da takarda."

"Na sani, ta kira ni tana kuka. Ka shiga ka yi mata magana mana, Baban Khalil."

"In ce mata mi?"

"Abin da uba ke cewa. Ko jaki ne, in kaya suka karkace ai ana tsayawa a gyara masa."

"Ke dai yaushe za ki dawo?"

"Sai an yi sadaka. Ɗiyarka ce fa, ba surukarka ba."

Zai sake magana sai layin ya yanke. Ya kalli salular, ya mayar aljihu, ya koma tsakar gida. Akwai ragon da Ajuma ta turke kusa da ƙofar ɗakinta. Ya ɗebo harawa ya zuba masa, ya tsaya yana kallon yadda yake ci.

"A miƙo littafin nan da takardar da aka dawo da ita," ya ce, kamar da ragon yake.

Labule ya motsa. Hannu ya fito, siriri, da tabon allura a bayansa, ya ajiye littafin da takardar a kan turmin da ke kife a bakin ƙofa.

"Baba, ina za a kai su?"

"Inda aka san kan abin."

A ganin Mani maganar a fili take. Malami ya nemi ra'ayi, yarinya ba ta da shi, kuma ba laifinta ba ne, don ba a raine ta ta riƙa yanke hukunci a gaban manya ba. Abin da babu a gida kuwa, sai a fita a samo. A bironsu ma babu takardar da ke fita sai ta bi ta hannun wanda ya fi mai rubuta ta.

Ya biya biron ya roƙi izini, ya ce mara lafiya gare shi. Daga nan ya wuce tashar da motocin Tibiri ke lodi, inda Adamu mai shayi ya kafa teburinsa a gindin wani itacen dogon yaro. A nan Mushe Luƙman, wato Malam Luƙman a bakin 'yan boko, yake wuni tun da ya ajiye aiki. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, shi ya koya wa Mani karatu, kuma har yau in Mani zai gaishe shi sai ya ɗan rusuna.

Mushe ya saurari bayanin, ya juya littafin gaba da baya, ya auna kaurinsa da yatsu, ya ajiye. Takardar Husna ya ɗauka, tunda duk labarin yana ciki. Ya gyara zaman gilashinsa ya fara karantawa yana mayarwa Hausa, don mazauna benci sun riga sun matso.

Labarin wani tsoho ne manomi da ya sa ɗansa makaranta har ya zama likita a babban birni. Tsohon ya kwanta ciwo. Duk direban da zai tafi birni sai ya ba shi buhun gero ya kai wa ɗan, ya ce a gaya masa kowa lafiya, in ya samu sarari ya leƙo. Shi kuwa ɗan annoba ta ɓarke a inda yake aiki, kullum yana cewa sai abin ya lafa. Ranar da ya zo, kabari ya tarar.

"Ɗan banza!" in ji Adamu, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. "Ɗan wane gari ne?"

"Littafi ne, Adamu," in ji Mushe. "Ba a yi shi ba."

"An yi shi mana. Ni na san irinsa ya fi a ƙirga. Su zo da mota mai baƙin gilashi bayan an share makoki, su riƙa raba wa mutane hannu."

Wani direba da ke jiran motarsa ta cika ya ce, "Ni dai kar a ɗora wa direbobin. Mu abin da aka ba mu shi muke kaiwa. Amma da ni ne, da na ja shi gefe na ce, likita, tsohonka fa ya yi nisa."

"Kai?" in ji Adamu. "Kai da ko saƙon daddawa ba ka kaiwa cikakke?"

Aka yi dariya. Wani alhaji mai sayar da wake ya jawo haƙƙin iyaye, ya daɗe a kai. Wani ya ce boko ne ke cire wa yara tausayi, wani ya ce ba boko ba ne, matan birni ne, ko da yake babu wanda ya ji an ambaci mata a labarin. Mani kuwa inuwar itacen yake kallo, yadda take janyewa zuwa gindinsa. Daga ƙarshe dai bakin kowa ya zo ɗaya: ɗan ne mai laifi.

Mushe ya aika aka sayo masa doguwar takarda mai layi, ya ciro alƙalaminsa, ya share teburin da gefen hannu. Rubutun ya ɗauki lokaci. Yakan tsaya ya ɗaga kai sama yana motsa leɓe, sannan ya sauko ya ɗora kalma ɗaya. Mani ya saya masa shayi da madara, ya sake saya masa. Da ya gama sai ya miƙe tsaye ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Akwai kalmomin da Mani bai taɓa ji ba ko a bakin gwamna. Babu wanda ya gane rabin abin, amma kowa ya ce madalla.

"Ta sa sunanta kawai," in ji Mushe. "Kar ta ƙara, kar ta rage."

Mani ya karɓa da hannu biyu.

"Mushe, shi malamin cewa ya yi abin da ita ta gani."

"To mi za ta gani da ya wuce wanga? Ɗiya mai tarbiyya abin da za ta gani ke nan. Hanya kawai muka rage mata."

Ana kiran azahar ya iso gida. Ya ajiye littafin da takardar Mushe a kan turmin, ya ɗora tsakuwa don kar iska ta ɗauke.

"Ga shi nan. A duba a sa suna, in kai a buga."

Hannun ya fito ya ɗauka. Mani ya jawo bokiti ya ba ragon ruwa, ya tsuguna yana cire masa ƙarangiya a wuya.

"Baba, wa ya rubuta?"

"Mushe Luƙman."

"Faransancinsa da kyau."

"To."

"Amma ni ba haka na gani ba."

Hannun Mani ya tsaya a wuyan ragon.

"Ba haka ba kamar ƙaƙa? Benci guda na dattawa suka zauna a kan maganar nan, har da wanda ya je Makka."

"Sun ce ɗan ne mai laifi."

"To wa zai zama? Direba?"

"Tsohon."

"Subhanallahi. Tsohon da ya mutu?"

"Bai taɓa gaya masa ba shi da lafiya ba. Kullum kowa lafiya, kowa lafiya, in ka samu sarari. Shi kuwa ga mutane kwance a ƙasa suna amai da gudawa. Ta ina zai sani?"

"Ɗa na kirki sani yake yi. Geron da ake ta aika masa na mene ne? Yunwa yake ji a birni? Ai magana ce."

"Gero ne, Baba."

"Magana ce!"

"Sai dai in yana da iskokin da za su fassara masa. Littafin bai ce ɗan bori ne ba, likita ya ce."

Mani ya miƙe, ya sake tsugunawa. Muryarta a dishe take saboda ciwon.

"Uba ba ya buɗe baki ya ce wa ɗansa zo ina son ganinka," ya ce. "Ba a yi. Nauyi gare shi."

"To ai shi ya sa ya mutu bai gan shi ba."

Ragon ya tura kansa cikin bokitin ya kifar da sauran ruwan. Mani ya tayar da bokitin. Tun da aka haife ta ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, kuma duk ya yi ta ne yana kallon ƙaho.

"In haka aka gani, mi ya hana a rubuta tun farko?"

"Tsoro na ji. Na ce kar malamin ya ce ba ni da kunya."

"Zai ko faɗa."

"Ko ya faɗa. Ya riga ya ce ba labari yake so ba."

"Yau ba ranar gwaji ba ce. In takardar nan ta faɗi, ba ita kaɗai ce ta faɗi ba."

"Na sani, Baba. A ba ni zuwa la'asar."

Mani ya miƙe. Ya yi alwala ya tafi masallaci. Da ya dawo ya zauna a zaure, ya kunna rediyo, ya kashe. Ya kira Ajuma bai samu ba. Ya shiga ya ƙara wa ragon harawa, ya fita, ya dawo ya ƙara masa dusa, har dabbar ta gaji ta juya masa baya ta kwanta. Daga ɗakin ba ya jin komai sai ƙarar takarda in an yage ta, da tari jefi-jefi. Ya tuna ba ta ci abin kirki ba tun safe. Ya fita bakin titi ya sayo fura da nono a wurin 'yar Fulanin da ke zama a kwanar unguwar, ya ajiye kwanon a kan turmin, ya buga murfin da ƙarfi don a ji, ya koma zaure.

Da aka sallame la'asar ya tarar da kwanon ba komai, da takardu biyu a ƙarƙashinsa. Ɗaya ta Mushe ce, tas da ita. Ɗayar an ciro ta ne daga littafin rubutu, duk soke-soke, layukan ƙarshe sun karkace sun gangara.

"Ga su nan duka," in ji Husna daga ciki. "Na sa suna a kowace, na rubuta adireshin imel na malamin a baya. Ni ba zan iya hawa moto ba, jiri nake gani. A kai wadda aka ga ta dace."

Mani ya so ya ce ba haka aka yi da ita ba. Ya duba rana, ya ninke takardun ya sa a aljihun gaba, ya fita.

Shagon da ake buga takardu yana bakin kasuwa, tsakanin mai sayar da bokitai da mai gyaran salula. Wuta ta ɗauke, an tayar da inji a waje, yana ta hayaƙi. Mai bugawar Marwa ce, ɗiyar wani maƙwabcinsu, wadda suka yi lise, wato babbar sakandare, tare da Husna. Akwai wani a gabansa da ya zo a ɗaukar masa hoton takardun fili, yana ta gardama a kan cewa hatimin bai fito ba. Mani ya tsaya a bayansa yana sauya ƙafa har ya tafi.

"Baba Mani, ina wuni? Ya jikin Husna?"

"Da sauƙi. Ga wannan, sauri ake yi. Kafin rana ta faɗi."

Ya ciro takardun. Bai yi niyyar ba ta duka ba, amma a ninke suke tare, ta karɓe su tare. Ta buɗe ta Mushe tukuna. Tana karantawa tana ɗaga gira.

"Kai! Wannan ai sai a sa ta a gilashi a rataye. Husna ce ta rubuta?"

"Ke bugawa aka ce ki yi."

"Ni dai tare muka yi aji da ita. Wannan Faransancin mutanen da ne, irin na masu sa kwat da rana tsaka. Amma fa ba kuskure ko ɗaya." Ta buɗe ɗayar. "Yawwa, ga tata. Ga kuskure tun a layin farko."

"Da yawa?"

"Kamar tsakuwa a cikin wake. To wacce zan buga?"

Mani ya share gumi da hularsa.

"Ke da kika yi karatu, wacce malamin zai fi so?"

"Baba Mani, da na san abin da malamai ke so, ai da ba a nan ka same ni ba."

Ya kalli waje. Inuwar shaguna ta riga ta tsallaka titi, masu kayan miya sun fara naɗe buhunansu. Ya jawo kujerar roba ya zauna a bakinta.

"Faɗa mini abin da ke cikin waccan. Da Hausa."

Marwa ta bi layukan da yatsa, tana tsayawa inda aka soke.

"Ta ce, a gadon likita na sake karanta littafin nan. Duk wanda na sani zai ce ɗan ne ya yi laifi, ni ma da farko haka na so in ce, don shi ya fi sauƙin faɗa. Amma ni tsohon nake jin haushi. Ya aika gero, ya aika gaisuwa, ya aika direbobi, bai aika maganar ba. Ban ce ba ya son ɗansa ba. A ganina duk littafin babu wanda ya kai shi so. Sai dai hatsin da aka rufe a rumbu aka liƙe ba ya maganin yunwar kowa, ko da na mai gidan ne." Ta ɗaga kai. "Daga nan ta kawo shafin da tsohon yake tsaye a bakin hanya yana kallon mota, ta ce marubucin da gangan ya hana shi ɗaga hannu. Sai kuma ta ce shi ma ɗan ba ta wanke shi duka ba, don wanda aka haifa a irin gidan nan ya kamata ya yi zargi. A ƙarshe ta ce ba ta san yadda za a gyara ba, ita dai abin da ta gani ke nan. Haka ta rufe. Ko kammalawa mai kyau babu."

Mani ya ɗauki takardar Mushe ya riƙe. Ya san irinta. Irinta yake ɗauka kullum daga biro zuwa biro, kuma bai taɓa jin an kori wani saboda ita ba. Bai kuma taɓa ganin wanda ya karanta ta har ƙarshe ba. Ya ɗauki ɗayar. Har yanzu a ransa ɗan ne mai laifi, kuma bai ga dalilin da zai sa malami mai hankali ya ba yarinya maki don ta ɗora wa mamaci laifi ba. Amma mutumin nan na cikin salula ya ce ya karanta littafin tun ba a haife ta ba, kuma muryarsa ta mai gajiya ce, irin ta shugaban biro in an sake kawo masa abin da ya riga ya gani.

Injin waje ya yi tari kamar zai mutu, ya farfaɗo.

"Baba Mani, man nan fa ba shi da yawa."

Ya miƙa mata mai soke-soken.

"Buga wannan."

"In gyara mata kurakuran?"

"Inda harafi ya faɗi ki tayar da shi. Maganar kar ki taɓa."

Marwa ta juya ga na'urar. Yatsunta na gudu, shi kuma yana zaune da takardar Mushe a kan gwiwa, yana jin kamar ya ce ta tsaya. Sau ɗaya har ya buɗe baki. Ta tambaye shi yadda ake rubuta cikakken sunan a jami'a, ya miƙa yatsa ya nuna mata a saman takardar. Ta kwafi adireshin, ta danna, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar na'urar. Mani ya kafa masa ido har ya ɓace.

"Ta tafi," in ji Marwa.

"Ba a iya dawo da ita?"

"Ta tafi, Baba Mani."

Ya sallame ta ya fita. A masallacin bakin tasha ya yi magariba, don nan ta riske shi. Yana neman takalmansa sai ga Mushe Luƙman yana dogara sanda.

"An aika?"

"An aika, Mushe."

"Madalla. Ka ji yadda na rufe ta ko? Malamin nan zai san akwai mutane a Arewa. In sakamako ya fito ka zo ka gaya mini."

"In sha Allahu. Allah ya saka da alheri."

Ya hau moto ya nufi gida a hankali. Yaran sun dawo, suna zaure suna faɗa a kan wani ƙwallon roba, suka taso suka riƙe masa riga. Ya raba su ya shiga ciki. An kunna fitila a ɗakin Ajuma, labulen yana nan a sake. Ragon ya miƙe da ya gan shi, ko da yake babu komai a hannunsa.

"Sannu da zuwa, Baba. An aika?"

"An aika."

Ba ta ƙara tambaya ba, amma ya ji ba ta motsa daga bayan labulen ba. Ya duƙa ya duba igiyar ragon, ya kwance ƙullin, ya sake ɗaure shi yadda yake.

"Mai bugawa ta ce kuskure ya yi yawa a ciki," ya ce. "Tun daga layin farko. A riƙa kula."

Sannan ya ji ta ja hanci, da wani sauti da bai tantance ko tari ne ko dariya ba.

"To, Baba," ta ce. "Za a kula."